Rigar Coci a Kan Hijabin Zuhra

Zuhra na durƙushe a banɗakin gidansu na Taman Melati tana kankare taɓo daga takalmanta, sai wayarta ta yi ƙara. Adnan ne, saurayin da aka sa musu rana bayan ƙaramar sallah, shi ma karatu yake a nan Kuala Lumpur.

"Zuhra, hoton nan ya kai Kano. Ummata ta gani!"

Kwana uku ke nan Zuhra tana bin ayarin agaji na cocin su Rifkatu, 'yar Zonkwa da suke haya tare, zuwa Hulu Langat inda ambaliyar Disamba ta shanye gidaje. Ga korona ga ruwa, hannun taimako ya yi ƙaranci. An raba wa kowa riga mai sunan coci, ita ma ta ɗora a kan hijabinta, wani ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp.

"Me ta ce?"

"Wai an juya miki kai a ƙasar waje. In ba ki daina ba, a fasa auren."

Hawaye suka zubo mata. Rifkatu ta leƙo daga kicin. "Sista, gobe ki zauna kawai. Kada aurenki ya lalace saboda mu."

Zuhra ta share ido, ta mai da wayar kunnenta. "Yaya Adnan, ba zan ja da Umma ba, uwa ce. Amma ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin kunya, da hannuna zan cire rigar."

Washegari Adnan ya shigo motar ayarin, ko ta bayan takunkumi ana ganin ransa a ɓace. Da suka isa, faston da ke jagorantar su, wani dattijo mai furfura, ya ce yau ƙaramin masallacin unguwar za a wanke, domin mako guda ba a yi salla a cikinsa ba. Taɓo ya kai ƙwauri. 'Yan coci suka rinƙa ciccibo jiƙaƙƙun dardumai suna nishi. Da aka zo kan kantar Alƙur'anai sai faston ya dakatar da yaransa.

"Wannan ba namu ba ne mu taɓa. Ku kira Zuhra."

Adnan ya tsaya yana kallonta tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, tana shanyawa a kan tsabtataccen zane. Sai ya naɗe ƙafar wando ya karɓi shebur.

Kafin azahar daɓen ya fito fes. Adnan ya kira Umma ta bidiyo, ya same ta a kan sallaya, lokacin gari ke wayewa a Kano. Ya zagaya da wayar a hankali.

"Waɗancan masu goge tagogin fa, su waye?"

"Kiristoci ne, Umma."

Sai Umma ta ce, "Ba ni Zuhra."

Zuhra ta karɓa, ta ɗan rusuna. "Ina kwana, Umma?"

"'Yata, na yanke miki hukunci da hoto ɗaya. Ki yafe mini."

"Wallahi ba ki yi mini komai ba, Umma."

"Allah ya yi miki albarka. Ina ƙawar taki? Miƙo mini ita in yi mata sannu da aiki."

Rifkatu ta gaishe ta tana dariya tana kuka. Limamin unguwar ya roƙi Adnan ya kira salla, 'yan coci suka ja gefe suka tsaya tsit har ya idar. Zuhra ta dube shi, taɓo har goshinsa, ta ji babu macen da ta kai ta dace.

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a Kano, Rifkatu ce babbar ƙawa, Umma tana ta nuna amarya ga dangi tana ba da labarin masallacin. Zuhra ba ta ɗaga wa babba murya ba, ba ta kuma fasa alheri don tsoron bakin mutane ba. Mai haƙuri irin wannan, Allah da kansa yake wanke shi.