Alluran Motar Malam Salihu

Gide ya ce duk faɗin Sabuwa babu wanda ya san cikin mota kamarsa. A filin makaranta ya faɗa, bakinsa cike da ƙosai. Wai ko daga nesa ya ji kukan inji, zai gaya maka abin da ke damunsa.

To, aji shida yake a firamare. Kuma abu biyu ya taɓa yi wa mota a rayuwarsa, wanki da turi.

Motar babansa, Malam Salihu, tsohuwa ce tukuf. Ta girmi Gide, ta girmi yayarsa Suwaibatu. A shekarun nan kuɗin man fetur ya cika ƙasa, ma'aikata sai sayen sababbin motoci suke yi. Malam Salihu dai yana nan da tsohuwarsa, yana kai mutane kasuwannin ƙauye.

A gaban direba akwai geji biyu. Ɗaya na nuna yawan mai, ɗaya na nuna zafin inji. Tun ranar da ya sayi motar alluransu a kwance suke, ba sa motsi. Shi ya sa Malam Salihu yake da kara mai tsaga uku. Kafin kowace tafiya sai ya zura shi cikin tanki ya ga inda mai ya tsaya. A hanya kuma, duk rijiyar da ya gani sai ya tsaya ya ƙara wa lagireto ruwa. Tafiyarsa ba sauri, amma yana isa.

Wannan karan ne abin tsiya a wurin yara. Sanusi, ɗan ajinsu Gide, ya ce, "In ka san mota, mi ya sa babanku yake auna fetur kamar mai tallar man gyaɗa?"

Aka kwashe da dariya. Gide ya ji haushi. Nan take ya rantse kafin Litinin zai gyara gejin duka biyu.

Ranar Asabar bayan la'asar Malam Salihu ya tafi gaisuwa. Gide ya shige motar. Ya bubbuga gilashin gejin. Ya jijjiga wayoyi. Har hura musu iska ya yi. Allurai dai ko gezau.

Sai wata dabara ta zo masa. Ya ɗauko ƙaron da ake haɗa tawadar allo, ya jiƙa kaɗan. Ya ɓanɓare gilashin da bakin wuƙa. Ya sa tsinke ya ɗaga allurar mai zuwa sama da rabi, ya ɗiga mata ƙaro. Ta zafi kuma ya tsayar da ita a tsakiya, inda ake cewa lafiya lau. Da ƙaron ya bushe ya mayar da gilashi, ya je ya kirawo abokansa.

Suna cikin leƙe Malam Salihu ya dawo. Sanusi ne ya riga kowa ba shi labari. Malam Salihu ya duba, ya sake dubawa, ya tambayi ɗansa yadda aka yi. Gide ya ce waya ce kawai ta kwance, ya ɗaure.

Uban ya dafa kansa ya sa masa albarka. Ya shiga gida yana gaya wa mahaifiyarsu wai ashe suna da makanike a gida ba su sani ba. Gide ya san ƙarya ya yi. Amma yabo da daɗi, sai ya bar maganar a haka.

Ranar Litinin ce ranar Suwaibatu. Za ta rubuta jarrabawar shiga kwalejin horon malamai a Ƙanƙara, ƙarfe goma daidai. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Wata da watanni ta yi tana karatu, ko biki ba ta zuwa.

Bayan sallar asuba suka shirya. Malam Salihu ya ce Gide ma ya zo, tun da shi ne makaniken gida. Har ya ɗauko karansa, sai ya kalli geji ya yi murmushi.

Ya ce, "Ashe man da na zuba ran Alhamis da saura da yawa. Yau ka hutar da ni, Gide."

Ya jingine karan a zaure. Gide ya wuce karan ya shiga mota.

Hanyar duk ramuka ce, motar tana nishi tana tafiya. Suka wuce rijiya ta farko, ba su tsaya ba. Suka wuce ta biyu. Wajen Ruwan Godiya Suwaibatu ta ɗago kai daga littafinta ta ce tana jin ƙauri.

Malam Salihu ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Dubi allura, tana tsakiya. Ko ba haka ba, makanike?"

Gide ya ce, "Haka ne, Baba."

Dab da shiga Faskari motar ta fara tari. Ta fizga sau biyu, ta mutu. Farin tururi ya taso daga gabanta kamar an buɗe tukunyar dambu. Mutanen kirki suka taya su turi har bakin tasha, gindin wata bishiya inda Baba Rabo makanike yake aiki.

Ƙarfe tara saura. Malam Salihu ya ruga neman motar Ƙanƙara. Aka ce wadda take akwai ta tashi, ta gaba kuma sai ta cika. Fasinja uku ne kawai a ciki. Suwaibatu ta shiga ta zauna, fensir da rula a hannunta, tana kallon hanya.

Baba Rabo ya jira inji ya huce. Lagireto ba ko ɗigon ruwa. Ya ƙwanƙwasa tanki, ya ji fanko. Ya tambayi Malam Salihu yadda direba kamarsa ya bari haka ta faru. Direbobi da masu shayi da 'yan kallo duk sun kewaye motar.

Malam Salihu ya ce ba sakaci ya yi ba, geji ya bi. Ya jawo Gide gaban mutane ya ce ga yaron da ya gyara su shekaranjiya, ɗansa ne.

Baba Rabo ya leƙa ya daɗe yana kallo. Ya ce abin da mamaki. Mota a kashe, allura a tsaye? Mai lafiya faɗuwa take yi da an zare makulli. Ya murɗa makulli, ya cire wayar gejin zafi daga jikin inji, ya taɓa ta da ƙarfen motar. Ya yi wa mutane bayani cewa in geji na da rai, yanzu allura za ta haura sama. Ba ta motsa ba. Ya gwada wayar tanki, ita ma haka.

Sai ya cire gilashin. Ya sa farce ya kankaro wani abu, ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe.

Ya ce, "Malam Salihu, wanga ba gyara ba ne. Ƙaro ne."

Wani direba ya fashe da dariya, saura suka bi. Wani ya ce a ba yaron nan tayar da ta fashe ya manne. Baba Rabo bai yi dariya ba. Ya ce aikin gejin ƙarami ne da an kawo masa, amma yanzu zafi ya ƙone gaskit ɗin cikin inji, motar za ta yi mako a nan.

Malam Salihu bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gide, da allurai suna kwance na san ban sani ba, sai in duba. Kai ka sa na ɗauka na sani. Abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba. Ashe ban tambaye ka a hanya ba?"

Gide ya kasa ɗaga kai. Hawaye suna ɗiga kan takalminsa.

A lokacin ne Suwaibatu ta sauko daga motar Ƙanƙara, wadda har yanzu ba ta cika ba. Agogon mai shayi ya nuna goma da kwata. Mutane suka buɗa mata hanya, dariya ta tsaya.

Ta tsaya gaban ƙanenta. Ba ta zage shi ba.

Ta ce, "Na ce ina jin ƙauri, Gide. Kana zaune kusa da ni, kuma ka sani."