Siminti a Indararon Banki

Sufeto ya isa tsohon bankin da hantsi, ya tarar an lulluɓe gawar kashiya da labulen taga. Wani ɓangare na ƙubbar ginin ne ya rufto mata a kan teburinta.

Ginin ya girmi kakan kowa a wurin. Sassaƙaƙƙen dutse ne, ga manyan ginshiƙai, ga ƙubba mai tagogin gilashi masu launi. Doka ta hana a zare masa ko ƙusa.

Manaja ya tare shi yana goge idon da babu hawaye.

"Ƙaddara ce, ranka ya daɗe. Na sha gaya wa hukuma a rushe, suka ce tarihi ne. To ga tarihi ya ci mutum. Rubuta hatsari kawai, katafila ta zo."

Sufeto ya ɗaga kai ya ga silin ya yi kore shar, sai ya nemi tsani.

A saman rufin ruwa ne kwance har idon sawu, matattun tantabaru na yawo a ciki, wari kamar masai. Ya toshe hanci, ya zura hannu a indararo. Siminti ne, sabo. Duk indararon haka suke. A jikin ɗaya akwai shatin hannu mai yatsu huɗu.

Bayan an fitar da gawar, aka kawo birkilan bankin.

"Wallahi yallaɓai ban taɓa hawa can ba."

"Fito da hannunka daga aljihu."

Ya fito da shi. Babu ɗan ƙaramin yatsa.

"Manaja ne ya sa ni. Ya ce ɓeraye ke shigowa ta nan."

"Ta saman ƙubba? Da lema suke sauka?"

Manaja ya rantse bai san zancen ba, birkilan ma ɗan shaye-shaye ne. Sufeto ya ja manajan zuwa inda abin ya faru, ya share ɓaraguzai da takalmi. A ƙasa akwai sawun ƙafafun wani babban tebur, wanda ya ninka na marigayiyar.

"Teburin wa ke nan a da?"

Sufeto ya nuna shi da yatsa.

"Naka ne. Ka toshe indararo, ka kwashe kayanka ka koma lungu, ka zaunar da 'yar mutane a gurbinka."

Manaja ya zube a kujera.

"Tsagewa kawai nake so ginin ya yi, a ce ya lalace. Sa'o'ina duk suna benen gilashi mai lifta, ni ina cikin kango. Gurbin teburina kuma in aka bar shi fayau, za a yi tambaya."

Sufeto ya ƙare masa kallo. Ƙato da furfura, ya ba da ran yarinya saboda lifta.

Da ankwa ta shiga hannunsa, manaja ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah ta ƙofar baya, akwai jama'a a waje."

"Ta gaba aka fitar da ita. Wuce."