Idon Korau da Ya Daina Ƙiftawa

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan da rana tsaka ya faru, lokacin da inuwar mutum take ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa.

Tsohon maƙeri Barmo yana da magada biyu: ɗansa Korau, da ɗan ƙanensa Nomau. Ya ce wanda hannunsa ya fi jure wuta shi zai gaji maƙera. Nomau yakan ɗauki garwashi da yatsu ya mayar murhu yana hira. Korau kuwa, in tartsatsi ɗaya ya taɓa shi, sai hannun ya fizge kafin ya sani.

"Baba, ba ni nake janye shi ba. Shi yake tafiyarsa."

"To ka bi shi ku tafi saƙa," in ji tsohon.

Nomau ya yi dariya, 'yar kaɗan. Ita ce ta hana Korau cin tuwo kwana uku.

Ran Laraba ya tafi ɗebo gawayi a Kwarin Ƙirya, shi kaɗai. Ba iska, ba kukan tsuntsu. A bakin ramin gawayi wani mutum yana tsugune, ƙafa ɗaya cikin rushi. Ba ƙauri. Ƙuda yana tafiya a kan ƙwayar idonsa, idon bai motsa ba.

"Ɗan maƙera, miƙo hannu."

Ya zuba masa toka mai zafi. Hannun ya fizge. Baƙon ya bi shi da kallo irin na mai yunwa.

"Jikinka yana sonka," ya ce. "Mu namu ba ruwansa da mu. Ba ni wannan fizgar."

"Ni in samu me?"

"Ka wuce Nomau."

Korau ya yarda, bai ko tambayi sunansa ba. Baƙon ya bi ƙashin bayansa da yatsa mai sanyi, daga wuya har ƙugu, kamar mai zare silin zare.

Washegari Korau ya riƙe ƙarfen da ya yi ja a wuta har sai da uban ya yi ihu. Zafin kam yana jinsa sarai. Hannun ne dai ba ya tafiya sai an aike shi. Aka ba shi maƙera.

"Barka, Yaya," in ji Nomau, da zuciya ɗaya. Wannan ma ya ƙona wa Korau rai.

A mako na uku tartsatsi ya taso wa idonsa na hagu. Ya ga zuwansa. Idon ya tsaya jiran umarni.

Aka kai shi asibitin mishan, wurin Malam Istifanus mai ba da magani. Ya ɗaure idon, sannan ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar gudumar roba. Ƙafar ba ta harba ba. Ya sake. Shiru.

"Ka ga, malam, saƙon zafi ba ya jiran tunaninka. Jijiya takan kai shi laka, cikin ƙashin baya, laka ta ce janye, sai daga baya kai ka ji labari. Mai gadinka ke nan."

"Nomau ba shi da shi."

"Yana da shi mana! Kanta ce, fata mai kauri, a yatsunsa, kuma ya san lokacin saki. Kai wa ya ɗauke maka naka?"

Korau ya tashi ya koma maƙera.

Shekara talatin ya riƙe maƙera da ido ɗaya. Sai ya tuna yake ƙiftawa. Ruwa a hankali yake kurɓa, don in ya shaƙe tari ba ya zuwa ceto. Da la'asar yakan zauna yana kallon Nomau ya yi atishawa, ko ya taka ƙaya ya yi tsalle yana zagi.

"Dubi shi," yakan ce ƙasa-ƙasa. "Ko godiya ba ya yi."

Kada ku bi hanyar kwarin nan ku kaɗai, balle kuna ɗauke da haushin wani.