Majinyacin Roba

"Ka kashe shi! Da hannunka ka kashe shi, Badar!"

Kauthar ta cire safar hannu ta yi jifa da ita. Mutum-mutumin roban da ake koya wa likitoci tiyata da shi yana kwance a gado, jan ruwa na ɗiga daga cikinsa. Yau ce jarrabawarta, kuma ta faɗi.

Saurayinta Badaruddeen ne mai kula da na'urar. Daga bayan gilashi yake danna abin da zai sami majinyacin, jini ya ɓalle ko zuciya ta tsaya.

"Habibty, kowa sai da na ɓalle masa jinin nan..."

"Ni kowa ce?"

Ya sunkuyar da kai.

Kafin ta isa gida Garki, Dakta Manniru, wanda ya daɗe yana son ta, ya riga ya kai wa Abbanta labari, har da ƙarin gishiri.

"Yana kallo kina kuka bai sassauta miki ba?" in ji Abba. "Ina tsoron in ba shi ke, Kauthar."

Ta daina ɗaga wayar Badar.

Kullum da yamma, bayan an watse, sai ta koma ɗakin horon ita kaɗai. Takan tarar da na'ura a kunne, ba kowa a bayan gilashi. Na'urar ta ɓalle jini da kanta, ta nemi jijiyar, ta ɗaure, ta sake daga farko. Ba mai ce mata sannu.

Ranar da ta sake jarrabawar ta ci, da gudu ta zagaya bayan gilashin neman Badar.

Madam Mabel, abokiyar aikinsa, ta gani a kujerarsa.

"Oga Badar? Ai ya nemi canji, ya tafi Jos. Shi ya roƙe ni in dinga bar miki na'ura a kunne."

Nan take ta kira shi a waya.

"Badar, na ci! Ka yafe min... ka dawo, don Allah!"

"Barka, Dakta." Sannan ya ce, "Abba ya zo ofishina da kansa. Ya cire hularsa ya roƙe ni in bar ki. Na yi masa alkawari."

"Ni fa? Ni ba ka yi min ba?"

"Ki kula da kanki, habibty..."

Layi ya katse.

Ta koma ta zauna a bakin gadon. Majinyacin roba yana ta numfashi lafiya lau, ita kuwa nata ya ƙi fita.