Saiwar Barcin Baba

Har yau in Balkisu ta tuna ranar da ta fara shiga shagon Lamine a bakin kasuwar Mayahi, sai ta yi murmushi ita kaɗai. Shago ne ɗan ƙarami, da kanta guda da kwalaben ganye jere. Shekararta ashirin da biyu a lokacin, wata bakwai da rasuwar mahaifiyarta.

"Ƙwayar barci nake so," ta ce. "Babana tun da Inna ta rasu bai ƙara runtsawa yadda ya kamata ba."

Lamine, wanda ya yi aikin famasi a Maraɗi kafin ya dawo gida, ya girgiza kai.

"Wannan sai da takardar likita. Amma shina shan wani magani?"

"A'a."

Ya buɗe wani gwangwani. Wari ya buge ta kamar tsohon takalmi, ta toshe hanci da mayafi, ya kwashe da dariya.

"Baleriyan sunanta, saiwa ce daga waje ake kawo ta. Ki jiƙa ƙaramin cokali a ruwan zafi bayan isha'i. Ba ta aiki rana ɗaya, kuma in abin ya ƙi, ku je asibiti."

Ya rubuta mata lambarsa a jikin ƙunshin, wai don ta sanar da shi yadda ake ciki. Bayan kwana goma ta aika masa:

"Baba ya yi barci har sai da na tashe shi asuba. Allah Ya saka."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdu lillahi. Ke fa, mai toshe hanci, kina samun naki?"

Daga nan saƙonni ba su yanke ba. Ya koma kiranta Bilkina, ita kuma tana ce masa Likitana. Ranar kasuwa takan ƙirƙiro sayen citta don kawai ta bi ta gaban shagon.

Da damina ta tsaya, kawunnan Lamine suka je neman aurenta wajen mahaifinta, Malam Na Allah, tsohon direba da ya yi shekara talatin a hanyar Tasawa. Ya karɓe su da sanyi. Ashe Sharifu, ɗan ƙanensa mai fataucin wake, wanda ya daɗe da sa ido kan Balkisu, ya riga ya raɗa masa cewa saiwar nan ba banza ba ce, asiri ne yaron ya haɗa don ya mallake gidan.

Da baƙin suka tafi, Malam ya watsar da sauran saiwar bayan danga.

"Ban ƙara shan ta, kuma ban ba shi ke."

"Baba, mi ya yi maka in ba alheri ba?"

Cikin sati biyu idanun Malam suka yi jajir, ya rame, ita ma ta daina fita. Ta rubuta wa Lamine: "Likitana, ka yi haƙuri da ni. Ba zan iya saɓa masa ba." Ta kashe wayar, ta yi kuka.

Ran Juma'a bayan la'asar sai ga Lamine a zaure da ƙunshi a hannu, don zancen asirin ya kai kunnensa. Balkisu ta laɓe bayan asabari tana ji. Ya roƙi ruwan zafi, ya jiƙa saiwar a gaban Malam, ya shanye kofin duka.

"Baba, in da wani abu a ciki, bari ya fara da ni. Kuma gaskiya, taimako kaɗan take yi. Ni a ganina kewa ce ke hana ka barci."

Can Malam ya fara magana, ya ba da labarin yadda marigayiya matarsa Hajara take jiran ƙarar motarsa, da yadda take ajiye masa fura a ƙwarya ko da zai kwana uku bai dawo ba.

"In wagga ɗiya ta tafi," ya ce, "wa zan ji motsinsa cikin gidan nan?"

"Gidan Ɗan Azumi da ke jikin naka babu kowa, Baba. Na riga na yi magana da shi, nan za mu zauna. Ƙofa kawai za mu fasa a katanga."

Malam ya sunkuyar da kai yana tunani. Da ya ɗago don ya ba da amsa, sai ya tarar Lamine ya jingina da bango, baki a buɗe, barci ya kwashe shi, don shi ma sati biyu ke nan bai samu na kirki ba. Tsohon ya yi dariyar da Balkisu ba ta ji ba tun rasuwar Inna.

"Balki, fito, na san kina nan. Kawo masa matashi. In ya tashi ki ce ya turo kawunnan nasa."

Bayan an gama yankan hatsi aka ɗaura aure. Sharifu ma ya zo, ya ba ango hannu, kansa a ƙasa. Da za a kai amarya, Malam da kansa ya riƙe hannunta, ya ratsa da ita ta sabuwar ƙofar, taku bakwai kacal.

"Allah Ya ba ku zaman da na yi da uwarki," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka."

Mata suka rangaɗa guɗa, Balkisu ta amsa amin cikin mayafi.