Hular Tobin

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Otal ɗin da ke kan dutsenmu na Montana a Amurka wuri ne da masu kuɗi ke zuwa su riƙe gatari a ɗauke su hoto, sannan su kwanta su huta gajiya. Nan Odette ta sauka da mahaifiyarta da Preston, wanda uwar ke kwaɗayin ya zama surukinta, yana ta ɗingishi cikin sabon takalmin kaboyi.

Ranar hawan doki rana ta dami Odette, sai ta cire hular Tobin, mai kula da dawaki, ta kifa a kanta. Ma'aikata suka kaure da shewa.

"Me na yi?" ta tambaya.

Tobin ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, a nan in mace ta sa hular namiji, ta zaɓe shi ke nan."

"To in cire?"

"Ni dai ban ce ba."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ɓarauniyar hula, kaina na jin sanyi, amma zuciyata ɗumi."

Da uwar ta ga saƙon, ta yatsine fuska. "Mai warin barga? Ko tawul ɗin otal ɗin nan ya fi shi asali!"

Preston kuwa ya sayi ƙatuwar hula, ya dinga ajiye ta duk inda Odette za ta zauna, har gefen kwanon miyarta. Wata rana ta ɗaga ta don ta samu kujera, Tobin ya hango hular a hannunta, ya zaci ta zaɓi Preston. Daga nan saƙonsa ya ɗauke. Ta rubuta masa "Nawa, lafiya?" shiru.

Abinci ya gagare ta. Washegari ta ɗauki hular Preston har barga, baƙi na biye da ita kamar tumaki, ta ɗora wa tsohuwar alfadara.

"Preston, albishirinka, an zaɓe ka!"

Uwar ta yi ta danne dariya har ta ƙware. Wanda ya zama abin dariya kuwa ba ta surukuta da shi.

Tobin ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ɓarauniyata, na yi wauta."

"Ka yi. Sai ka biya da aure."

Da dusar ƙanƙara ta narke aka yi bikin a farfajiyar otal. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Ni ina can bencin ƙarshe. Ana fara kiɗa na sulale ta ƙofar kicin, kar wani ya ja ni rawa.