Hoton Kakan Maidaji

Insifekta Shitu ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda a Kano, sarin takalma ya kawo shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Amma a unguwar Xiaobei in abu ya ɓace shi ake kira, don ba mai son 'yan sandan gari su zo su fara tambayar biza.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Alhaji Maidaji mai gidan abinci ya aika masa. An sace hoton kakansa.

Hoton tsoho ne, ya fi shekara ɗari. A kasuwar tsofaffin kaya Maidaji ya tsince shi: mutum baƙi wuluk, da doguwar hula, yana rungume da abin kiɗa mai kama da gurmi. Maidaji ya shaida wa kowa kakansa ne da aka kai ƙasar waje. Gobe manyan baƙin baje kolin Pazhou za su zo gani, ga bango wayam.

Shitu ya duba firam ɗin. Gilashi bai fashe ba, an cire hoton a hankali, an mayar da ƙusoshin.

Ya fara da Harouna mai dafa abinci, mutumin Maraɗi. Harouna ya rantse yana masallaci. Shitu ya nuna masa jan yaji a gemunsa. Nan ya amsa cewa ya tsaya cin kilishin Alhaji ne, amma hoton Kaka bai taɓa ba. Ya ce Radiyya kawai ya ga ta shigo.

Radiyya 'yar ƙanin Maidaji ce, ɗalibar jami'a.

"Baba Insifekta, me zan yi da hoton wani Bature?" in ji ta.

"Duk gidan nan Kaka suke cewa. Wa ya ce miki Bature ne? Buɗe jakarki."

Hoton na cikin littafinta. Ta ce ta ga irinsa a ɗakin karatu: Turawan Amurka ne na da, suna shafa baƙin gawayi su hau dandali suna kwaikwayon baƙar fata ana dariya. Ta rasa bakin gaya wa baffanta, kuma ba ta so baƙi su yi masa dariya gobe.

Shitu ya kai hoton bakin taga, ya kira Maidaji.

"Alhaji, duba tafin hannunsa. Ka taɓa ganin ɗanmu mai baƙin tafi? Ga wuyan hannu kuma, fari fat."

Maidaji ya juya nasa tafin, ya daɗe yana kallo.

"Dama tun farko hancin nan bai kwanta mini ba," ya ce.

Ya hana a yaga hoton. Ya ce a mayar bango, gobe ɓarauniyar ta tsaya gaban baƙi ta faɗi ko wane ne, da abin da ire-irensa suka yi mana.

Shitu ya tasa Radiyya gaba zuwa kicin. Sata sata ce, in ji shi: hukuncinta ta yi masa tuwo da miyar kuka, malmala biyu, kuma Harouna ne zai wanke tukunya.